Yadda Zara Ta Ɓace da Maganin Malam Sahabi

Duk wanda ya san taubashina Malam Sahabi ya san bai taɓa ɗaura agogo ba. Ba don rowa ba, ko da yake ita ma akwai ta daidai gwargwado. Cewa yake yi agogo maƙaryaci ne, batir na ƙarewa sai ya tsaya ya zuba maka ido. Taurari kuwa tun da aka halicce su ba wanda ya taɓa kai su wurin mai gyara. Shi ya sa yake tafiya haɓa a sama, hula na neman zamewa ta ƙeya, ko da rana tsaka, wai yana duba inda suka kwana. Ku mutanen Sabon Garin Jega kun gani da idonku. Ba kwatar da bai auna zurfinta da ƙafarsa ba. Akwai ranar da ya afka cikin tarin albasar mutane a Aliero, sai da aka janye buhuna kafin a hango gemunsa, ya fito yana kaɗe riga yana cewa, "Kada ku kwashe, hadarin ga ba na ruwa ba na."

Ni Dantani, ɗan kawunsa mai gyaran babur, ni Allah Ya ɗora wa jinyarsa, kuma wallahi har yau ban gama gane abin da ya faru ba. Bari in faɗa muku yadda na gani, wanda ya gane ya zo ya fahimtar da ni.

Wani rani ne ya ja igiyar injin ban ruwa a gonarsa ta albasa, ja ɗaya tak, ya zube yana haki kamar wanda ya yi tsere da doki. Ƙafafu suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Matarsa Kulu ta tsare ni da ido har sai da na ɗauke shi muka tafi asibiti Birnin Kebbi. Likita ya shafa masa wani abu mai yauƙi a ƙirji, ya ɗora na'ura, sai ga wani abu baƙi-baƙi, fari-fari yana motsi a allo.

Sahabi ya ɗaga kai ya duba ya ce, "Wanga hadari na. Gabas yat taso."

"Baba, zuciyarka ce," in ji likita. Ya yi masa bayani a hankali: ɗaki huɗu ne da ita, biyu na sama suna karɓar jini, biyu na ƙasa suna tura shi. Tsakaninsu akwai ƙofofi. Tasa ƙofa ɗaya ta hagu ba ta rufuwa sosai, jini na komawa baya, zuciyar na aiki biyu, har ta buɗe ta yi girma. Ruwan da ta kasa turawa shi ne yake taruwa a ƙafa, in an yi sakaci ya hau huhu.

"Ɗaki huɗu?" Sahabi ya juyo gare ni. "Ka ji, Dantani? Ni da nika matse cikin ɗaki biyu da zaure, ashe gini na nan cikina ban sani ba. To likita, tunda ta ƙara girma, ba murna aka yi ba?"

Likita ya ce ba murna ake yi ba.

Bai yarda ba fa! Ranar kasuwar Jega ya ja ni wurin mahauta, ya sa aka ɗauko zuciyar bijimi, ya ce a tsaga ya gani. Mahauci ya tsaga da murnarsa, ya ɗauka ciniki ne. Sahabi ya zura yatsa nan, ya zura can, ya ɗaga wata 'yar fata mai zare-zare ya ce, "Ga ƙohwar." Ya goge hannu a rigata, ya ce, "Yaron nan ya yi gaskiya," ya yi gaba abinsa. Ni mahauci ya riƙe wa wuyan riga. Kulu ta soya ta, shi an hana shi gishiri, ni na cinye ɗakunan nan huɗu har da ƙofofinsu.

To, batun magani ne ya kawo mu inda muka kwana. Likita ya ce kullum, lokaci guda, ba fashi, in ya yi fashi ruwan zai dawo. Ya tambaya ƙarfe nawa ya fi masa sauƙi. Na ce ai ba shi da agogo. Sahabi ya ce, "Mi za ni yi da agogo, ga Zara? Da ta hito bayan magariba in sha." Likita yana da layin mutane har bakin ƙofa, ya ce ba laifi. Ni na ji, Kulu ta ji, ba wanda ya yi tunanin tambaya ko Zara tana zuwa hutu.

Wata da watanni abin ya tafi sumul. Ana idar da sallah ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ƙwaya a tafin hannu, moɗa a gefe, fuska yamma. Da tauraruwar nan mai haske ta ɓullo sai ya ce, "Sannu da hitowa, matar wata," ya jefa ya kora. Ƙafa ta sace, takalmi ya shiga, har ya koma faɗawa kwata. Sai dai Zara ta fara yin ƙasa-ƙasa, kullum tana matsawa wajen da rana ke faɗuwa. Wata magariba aka jira, aka jira, shiru. Sahabi ya mai da ƙwayarsa cikin leda ya ɗaure.

"Malam, sha mana," in ji Kulu.

"Da wa munka yi alƙawali, da ke ko da ita?"

"To in ba ta hito ba hwa?"

"Yaji tay yi. Wata ya ɓata mata rai. In mace ta yi yaji haƙuri aka yi, ba a sake aure da gaggawa."

Jama'a, wasa-wasa ƙafafun nan suka koma kamar turame. Kwanciya ta gagare shi, in ya miƙe sai numfashi ya sarƙe, a zaune yake barci jingine da bango. Na yi lallashi, na yi zagi irin namu na taubasai, na kawo limamin unguwa, ya ce wa liman shi ma ai da ganin wata yake ɗaukar azumi. Liman ya miƙe, ya ce yana da ɗaurin aure.

Da na rasa dabara sai na hau babur na tafi Maiyama na ɗauko Malam Yohanna, mutumin Zuru, mai koyar da kimiyya a makarantar sakandare, wanda nake gyara wa babur. Mutum ne mai haƙuri, Allah Ya saka masa. Ya ajiye fitila a tsakiyar zaure ya ce ita ce rana. Ya ba ni babbar albasa ya ce ni ne duniya. Shi ya riƙe ƙarama ya ce ita ce Zara, wai ita ma duniya ce irin tamu, tana zagaya rana ta ciki, mu muna zagayawa ta waje. Ya ce in fara zagayawa. Ina zagayawa, shi ma yana zagayawa, yana ce mini in riƙa juyawa a kaina kuma. Kafin a jima na daina sanin inda ƙofar zaure take.

"Ka gani, Baba? Ta wuce tsakaninmu da rana, shi ya sa ta ɓace. Yanzu ta koma fitowa ta gabas da asuba. Ita ce kuke kira Gamzaki."

Sahabi ya yi dariya har tari ya kama shi, muka yi ta bubbuga masa baya.

"Malam Yohanna, ina ganin girmanka. Zara mace ta. Gamzaki namiji na. So kaka yi ka ce min ta shiga yamma da kallabi ta hito gabas da gemu?"

Gaskiya ni ma a nan na rikice, don maganar ta shige ni. Ina tsaye da jiri ina tunani, Kulu ta leƙo ta fizge duniya daga hannuna ta ce miyarta na kan wuta.

Malam Yohanna bai karaya ba. Ya ce ai an aika na'urori can sun gano, kai har mutane ma akwai da ke zaune cikin wata tasha a sama suna zagaya duniya, wata da watanni. Ya ce can ba abin da ke jan jiki ƙasa, ruwan jikinsu sai ya hau kai, fuska ta cika, ƙafafu su tsotse kamar na balbela. Sahabi, mutumin da ya shekara yana rantsuwa ba wanda ya taɓa taka wata, ya gyara zama.

"Ƙahwahu na sacewa? Ba ƙwaya, ba allura?"

"Haka nan, Baba, amma..."

"To mi aka jira? Ina aka shiga motar, Maiyama ko sai an tahi Birni?"

"Ai sai mai lafiyar zuciya suke ɗauka."

"Ka ji aikin banza! An gina asibiti bisa, an ce sai mai lahiya ka shiga."

Kulu ce ta raba gardamar daga bayan labule. Ta ce, "Malam, in maƙwabciya ta yi tahiya ta bar maka saƙo hannun ƙanenta, ba ka karɓa?" Ya ja gemu. Can ya ce, "Ƙanenta dai. Ba ita ba." Malam Yohanna ya ɗaga yatsa zai gyara, na take masa ƙafa. Muka kira likita a waya, ya ce ai da safen ma ya fi, tunda maganin na sa fitsari. Sahabi ya koma sha da asuba, ya warware. Sai dai da zan mai da Malam Yohanna gida, ya ce mini a kunne, "Wannan ma zai ɓace, kuma tasa ɓacewar ta fi daɗewa. Za a yi makonni babu ko ɗaya." Likita kuwa ya riga ya gaya mini in ruwan ya sake dawowa kamar wancan, ba lalle a shawo kansa ba.

Haka aka yi. Gamzaki ya yi ta nutsewa cikin hasken alfijir har ya ɓace, ƙwaya ta koma leda. Ni kuwa na shirya. Na ɗaure cocila a kan dogon gora, na lulluɓe bakinta da farin ƙyalle, ana kiran assalatu na hau itacen dogon yaron da ke gabas da katangarsa. Ku dube ni, ku dubi tumbin nan. Itacen da kansa sai da ya yi nishi. Na ɗaga gora, na kunna.

Na ji muryar Kulu, don da ita aka ƙulla: "Malam! Ga shi can ya hito!"

Sai na ji Sahabi ya ce, "Kulu, Gamzaki ya yi ƙasa-ƙasa yau."

"Tsuhwa na, Malam."

"Kuma rawa shika yi."

"Iska ta."

A daidai nan cinnaku suka gano hanyar wandona. Na daure, na daure, reshe ya ce ƙaƙas, na ƙwala salati.

"Kulu," in ji shi, "tunda nike ban taɓa jin tauraro ya yi salati ba."

Masu tafiya masallaci suka taru, wani na cewa ɓarawo, wani na cewa aljani, wani ya fara neman dutse. Sai ga Sahabi ya fito da sanda, taku ɗaya hutu ɗaya, yana haki, ya tsaya a gindin itacen.

"Dantani, sabko."

"Sha tukun."

"Sabko, jakin banza, reshen ga ba ya ɗaukar ka!"

"Wallahi ba ni sabkowa sai ka sha. In na hwaɗo, kai ka kai ni wurin masu ɗori Aliero, kai ka goya ni!"

Ya daɗe yana kallona, ina rungume da reshe, cocila na haska masa furfura. Ya kwance ledar, ya jefa ƙwayar a baki, ya haɗiye ba ruwa. Sannan ya juya ga jama'a ya ce, "Ku kawo tsani, tauraron ga ya yi ƙiba."

Daga ranar bai sake fashi ba, da tauraro ko babu. Bai kuma taɓa yarda cewa Zara ce Gamzaki ba. Ni dai in Malam Yohanna ya ce guda ce sai in gyaɗa kai, in na fito waje na duba sai in ga kamar biyu ne. Sahabi ya ƙara shekaru a duniya, ya cire albasa, ya ga jikoki, ya ci gaba da gaya wa kowa cewa an hana shi zuwa sama ne don ba shi da hanya.

Ranar da zai tafi, damina ce, sama ta rufe ruf, ana ruwa tun kafin asuba. Kulu ta ce shi ya kira ta da kansa: "Kawo in sha, kada wawan nan ya hau icce cikin ruwa ya zame." Ya sha, ya yi sallah a zaune, ya jingina da bango. Ta je ɗauko kunu, ta dawo ta tarar ya riga ya tafi. Likita ya ce ƙofar ce ta gaji, magani ya raka shi iyakar inda zai iya. Da Kulu ta maimaita mini maganarsa ta ƙarshe, na yi dariya a gaban masu gaisuwa, sannan na shiga bayan zaure na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro.

Allah Ka jiƙan bawanKa Sahabi, Ka yafe masa taurin kansa, Ka hutar da zuciyar nan da ta yi aiki biyu ba ta koka ba. Ka haskaka kabarinsa, Ka ba Kulu haƙuri, mu kuma Ka sa mu cika da imani. Amin.