Tsibi Ukun Baba Alhaji Mati

Ina Kwanar Ɗangora ranar Talata, na sauke kwandon kifi ke nan, wani direba ɗan garinmu ya tsaya ya ce mini, "Ya'u, sai haƙuri. Baba Alhaji Mati ya cika da hantsi." Na yi salati, na bar kifin a hannun maƙwabcina, na shiga motar. Allah ya sa na sami jana'iza.

Jama'a sun san shi da gyaran komar kamun kifi da ƙarancin magana, sun kuma san ya je Makka da ƙafa tun yana saurayi. Da ruwan Tiga ya ci garinmu aka tashe mu, shi ya koya wa manoma irinmu riƙon koma, don ya taɓa yin su a hanyar gabas. Abin da ya yi mini kuwa ya wuce wannan, kuma ban taɓa faɗarsa cikin mutane ba sai yau.

Karatuna bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba. Da na fara haɗa baƙi, direban nan ya ba ni wani littafi mai yagaggen bango, labarin ɓarayi da suka sace tsohon kundi a Kano, wani ɗan sanda ya bi su har bakin Bahar Maliya. Kullum bayan la'asar nakan karanta a rumfar Baba, shi yana ɗinkin koma. Yana son labarin ƙwarai. In na tsaya ina lalube yakan ce, "Kai ɗan nan, kafin ka haɗa kalmar nan ɓarawon ya isa Makka ya dawo."

Amma yana da wata ɗabi'a. Yakan ajiye tsakuwoyi a gabansa, duk inda littafin ya faɗi abu kamar da gaske ya faru, sai ya ɗauki ɗaya. Dama, abin da ya taka ya gani. Hagu, ƙarya. Tsakiya, bai sani ba. Da aka ce mahajjata kan tsaya cirar auduga a Sudan don su sami guzuri, ya sa dama, ya nuna mana tabon yatsunsa. Da aka ce ɗan sandan ya ratsa ƙasar duka a kwana goma bisa raƙumi, ya yi dariya ya sa hagu, ya ce, "Raƙumin nan fiffike gare shi." Da aka ambaci rijiyar da wai wani sarkin Kano ya haƙa a cikin hamada, ya sa tsakiya. "Na sha rijiyoyin hanyar, amma ban sha dukkansu ba." Tsibin tsakiya ya fi sauran girma, kuma bai taɓa jin kunyar haka ba.

Wata rana ina duba gaba ni kaɗai, na tarar da shafin da ya hana ni sukuni. Wani shehi a cikin labarin ya buɗe kundin ya karanta cewa mamacin da ruwa ya rufe kabarinsa yana cikin ƙunci har sai ɗansa ya kwashe ƙasusuwansa zuwa tudu. Har da layin Larabci a ƙasa. Innata tana kwance a tsohuwar maƙabartarmu, ƙarƙashin ruwan Tiga. Na ce a raina, mutumin da ya san audugar Sudan ba zai yi wa Allah ƙarya ba, ga shi kuma a buge yake. Na tsallake shafin a rumfa. Rani ne, ruwa ya ja har kan kukar maƙabartar ya fito. Na sa igiya da diga cikin kwalekwale, ina nufin in nutsa in kwaso ƙasusuwanta, alhali na san kututturan wurin sun taɓa riƙe masuncin da ya fi ni iyo.

Baba ya lura da tsallaken, ya kuma ga digar, amma bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Labarin nan ya yi tsalle. Jiya shehi ya buɗe kundi, yau ga mu a tashar jirgi. Kuma tun yaushe ake su da diga?"

Na karanta masa. Ya daɗe da tsakuwa a hannu, sannan ya sa ta a aljihu. "Zuciyata ta ce hagu. Amma maganar addini ba a yanke ta da zuciya. Gobe mu je Bebeji."

Malamin da muka je wurinsa ya duba layin Larabcin ya ce ba aya ba ce, bai kuma san shi a hadisi ba, amma mu ba shi mako. Da muka koma, ya ce ya bincika littattafansa, ya tambayi waɗanda suka fi shi, maganar ba ta da asali. Ya ƙara da cewa tone kabari ba tare da lalura ba shi ne keta alfarmar mamaci.

A hanyar dawowa Baba ya ba ni labarin abokin tafiyarsa da ya rasu a jirgin ruwa, suka yi masa wanka da salla, suka sauke shi cikin teku. Ya ce, "Wanda ya halicci ruwa, ruwa ba ya ɓoye masa bawansa." Muka yi tafiya kaɗan, ya ce, "Uwargidana Hajara da 'ya'yana biyu suna kwance kusa da Innarka. Da ka karanta shafin nan, ni ma gabana ya faɗi. Shi ya sa ban yarda da kaina ba."

Da la'asar ya ciro tsakuwar ya ajiye hagu, ya ce, "Mai labari ba maƙiyinka ba ne, amma ba limaminka ba ne. Ci gaba, mu ji ko an kama ɓarayin." Muka ƙare littafin da daɗinsa, diga kuma ta koma gona.

Bayan sadakar ukun Baba na tuƙa kwalekwale zuwa kukar, na yi wa Inna addu'a, na yi wa Hajara da 'ya'yanta, hankalina kwance. Ni ba malami ba ne, amma in aka tambaye ni halin Baba, dama zan sa tsakuwata. Na taka, na gani.

Allah ya jiƙan Baba Alhaji Mati, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata kabarinsa, ya sada shi da nasa da ke ƙarƙashin ruwa a gidan Aljanna. Allah ya ba matarsa Iya Abu da 'ya'yansa da jikokinsa haƙuri, ya tsaya musu inda ya saba tsayawa. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.