Anti Tabitha da Mace ta Tara

A gyara zama, masu hula su cire. Ga Tabitha Kefas ta Hanwa, tsohuwar shugabar firamare, wadda ta faɗa digiri na uku tana da shekara hamsin da biyu, jikoki uku da ciwon gwiwa. Ƙanwar mamata ce. Ni difloma ta tofar da ni tun zangon farko, saboda haka kason ilimina ma ita ta haɗa ta kwashe.

Bincikenta a kan matan zumunta ne na coci, daga Samaru har Sabon Gari: yadda suke zuba wa waƙa abin da ba sa iya faɗa a gaban miji ko fasto. Shekara huɗu tana bin su da rikoda, tana zama a bayan masu buga tulu, in an tashi ta bi su gida a yi hira.

Ƙa'idar sashensu a jami'a ita ce a ɓoye sunan duk wadda aka yi hira da ita. Anti ta bi ƙa'ida sak: Mace ta Ɗaya, Mace ta Biyu, har ta Ashirin da Bakwai. Saura sati biyu ta miƙa kundin, ta tara su a harabar coci tana karanta musu, don in ba su sa hannu ba, ba za a karɓa ba.

Mama Nonye, mai busasshen kifi a kasuwar Sabon Gari, ta tare ta. "Tabitha, waƙar mijin da ke tsince nama ya bar wa yara romo, wa ya yi ta?"

"Ke, Mama."

"To wace ce Mace ta Tara? Fursuna ce ni?"

Aka kwashe da dariya, amma biro ko ɗaya bai motsa ba.

Da wata ce, da sai ta yi kuka. Anti ta naɗe takardunta, washegari ta tsaya gaban farfesanta da kwamiti. Ta ce waƙa a bainar jama'a aka rera ta, mai ita ta cancanci sunanta, kamar yadda ake rubuta sunan kowane Bature mai littafi. Hirar cikin ɗaki kuwa amana ce, ta zauna da lamba. Suka yarda. Ta yamutsa lambobin don kada a gane mai kowace hira, ta bi matan gida-gida da gwiwar nan tata. Hannu ashirin da bakwai cif.

Ran da ta miƙa kundin na tare ta a ƙofa da kirari. "Dakta mai jiran gado, uwar mata, mai juya kwamiti. Tsakanina da ke, wace ce ta Tara yanzu?"

Ko kallona ba ta yi ba, takalmi take cirewa. "Japheth, ka cike fom ɗin komawa diflomar ko kuwa?"