Faɗuwar da Aka Yi wa Tafi

Shekarunta hamsin da tara, tela ce, kuma ita ke ɗinka wa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwarsu kaya tun kafuwarta. Inna Tela suke kiranta. Ba ta taɓa hawa dandamali ba. Wurinta bayan labule, allura a baki, almakashi a hannu. Mijinta, tsohon ma'aikacin gidan waya, shi ne gwanin faɗuwa. In ana son wanda za a mara ya kife, ko wanda kujera za ta zame da shi, shi ake ba. Ƙanensa kuwa shi ne darakta.

Duk ƙarshen wata sukan cika bas su je wata makaranta ko wani ɗakin taro su yi wasa. A fitarsu ta baya, ƙofar katakon da suke kafawa a kan dandamali ta tuge ta sauka a ƙeyar mijin. Ya zube. Ɗakin ya ɗauki tafi. Ya tashi yana tangaɗi, ya dubi mai fitowa a matsayin alƙali ya tambaye shi ko wasiƙun yau sun iso. Mutane har da riƙe ciki. Abokan wasansa sun saba da ƙarin gishirinsa, sai suka biye masa har aka rufe labule.

Ita tana baya tana gyara wa wata ɗaurin ɗankwali, dariyar kawai ta ji. Sai a bas, a hanyar dawowa, ya tambaye ta yaushe za a fara wasan. Ta ce an gama. Can kuma ya sake tambaya, na kujerun baya suna ta ƙyaƙyatawa, wai Baba bai sauko daga dandamali ba har yanzu. Da ya kelaya amai a kan takalminta, ta shafa ƙeyarsa ta ji ƙullutu kamar ƙwai, ta ce direba ya juya asibiti.

"Matar yaya, ke ma kin san halinsa," in ji darakta. "A ba shi ruwa ya sha."

"In motar nan ta wuce kwanar asibiti, kai za a ba gado."

Likita ya ce ƙoƙon kai bai tsage ba, amma ƙwaƙwalwa ta jijjiga. Sai hutu a ɗaki marar haske, ba waya, ba talabijin, ba hayaniya. Ya kuma ja mata kunne cewa in kan ya sake buguwa kafin ya warke, abin ba zai zo da sauƙi ba.

Ta toshe taga da baƙin yadi. Ta rufe keken ɗinki saboda ƙararsa, ta koma ɗinkin hannu a baranda, masu kaya suna zuwa suna tsaki suna komawa. Wayarsa ta jefa cikin akwatin zare. Mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba ya koma mai faɗa a kan ƙarar cokali. Gandiroba yake ce mata yanzu, ita kuma ta amsa sunan.

Sai ƙungiya ta zo dubiya, dukkansu a tare. Mutanen da suka koyi magana don na kujerar ƙarshe ya ji ba su iya raɗa ba. Suka cika ɗakin, suka ba shi labarin faɗuwar, makanikin da ke cikinsu har ya kwaikwaya masa a tsakar ɗaki. Shi kuwa bai tuna komai ba. Ya zauna baki buɗe kamar ana ba shi labarin wani.

"Da gaske an miƙe tsaye ana tafi?" ya tambaya.

"Har shugaban makarantar, yaya."

Bayan sun tafi, da bango ya dafa ya kai banɗaki. Washegari ta gindaya benci a ƙofa ta zauna a kai. Duk wanda ya zo, ta karɓi gaisuwa ta ce za ta isar.

Darakta ne kaɗai bai ji kunyar dawowa ba. Ya tsaya a baranda yana kaɗa makullin mashin.

"An gayyace mu babban ɗakin taro, kuma don faɗuwar yaya aka gayyace mu. Mun sa ta cikin wasan. Ƙofar ma ta kwali ce yanzu."

"Ƙasar ma ta kwali ce?"

"Haba matar yaya, kafin ki aure shi ɗan'uwana ne."

"Ɗan'uwanka yana tambayar wasiƙu a gabanka, kai kana ɗaga masa babban yatsa. Ɗauki ƙafarka daga kan yadin mutane."

"To ki tambaye shi mana. Ba yaro ba ne."

Ba sai ta tambaya ba. Daga cikin duhun ɗakin muryar mijin ta fito, a hankali. "Tun gashina na baƙi nake faɗuwa, ba a taɓa miƙewa don ni ba. Sau ɗaya aka yi, shi ma ban gani ba."

Inna Tela ta kori darakta, ta ci gaba da kalmasa bakin siket.

Da gayyatar ta matso, wata rana da hantsi ta dawo daga kantin magani ta tarar da shi a durƙushe, ya jera matasan kai a ƙasa, yana gumi, ya runtse ido don ɗakin yana juya masa. Gwaji yake yi. A bayan ƙofa kuma ga doguwar rigar da yake sawa a wasan, an ciro ta daga akwati, an goge. Ta ɗaga shi ta mayar gado.

Ranar Asabar ta shimfiɗa rigar a tebur, ta rage tsayinta, ta tsuke kafaɗa daidai jikin makanikin, wanda ko haɓar mijinta bai kai ba. Ta kai wurin atisaye ta ajiye a gaban darakta, ta ce ga rigar mai faɗuwarsu nan, su ba makanikin. Ta dawo gida ta faɗa wa mijin abin da ta yi, a tsaye, ba tare da kwana-kwana ba. Ya juya fuska bango. Ta ajiye masa magani da kofin ruwa inda hannunsa zai kai, ta ja masa ƙofa.