Kunnen Kabo da Dokin Ɗayyabu

Shekara arba'in Kabo ya yi yana duba dawaki a Gaya, kuma kayan aikinsa kunne ne kawai. Sai ya manna shi a ƙirjin doki, ya rufe ido, ya ɗago ya ce wannan zai yi gudu, wancan a bar shi ya huta. Daga Kademi har Ajingi ba mai sayen doki sai Kabo ya saurara. Ba shi da gonar kirki, ba shi da sarauta. Sunan nan shi ne duk abin da ya mallaka.

Kwatsam sai ga Khaula, 'yar Ajingi, ta dawo daga karatun likitan dabbobi da wata na'ura mai nuna zuciyar doki tana motsi a gilashi. Wayyo Kabo! Hassada ta kama shi ƙiri-ƙiri, ko sunanta aka ambata sai tuwo ya fita ransa.

"Yarinyar da na ci naman sunanta?" in ji shi. "Ita za ta gaya mini ciwon doki?"

Ana nan sai baƙin dokin amininsa Ɗayyabu, mai sukuwa, ya fara saurin gajiya. Ɗayyabu ya kira su su biyun. Kabo ya riga ta zuwa, ya sa kunne. Ya ji bugun zuciyar ba kai ba gindi, kamar mata uku suna daka ba su haɗa hannu ba. Kafin ya yi magana Khaula ta iso. Ta aske ɗan gashi a ƙirjin dokin, ta shafa mai, ta ɗora na'ura. Jama'a suka yi caa a kan gilashi, kowa ya ba Kabo baya.

"Baba Ɗayyabu," ta ce, "ɗakin zuciyar na sama ya buɗe da yawa, ga bugun ya rikice. Kada a sa shi gudu." Ta juyo cikin ladabi. "Baba Kabo, ai kai ma ka ji, ko?"

Haba, da ta sani ba ta tambaya a gaban mutane ba! Kabo ya karkaɗe riga.

"Ban ji komai ba. Tsutsar ciki ce. An dai aske wa doki gashi a banza."

Ɗayyabu ya bi maganar amininsa, wa zai ga laifinsa? Ranar Asabar aka kai dokin sukuwa Ajingi. A zagaye na biyu ya kife, bai sake tashi ba.

Kabo ya je jaje. Ya shirya wa zagi. Sai Ɗayyabu ya kama hannunsa a gaban kowa, da tausayi.

"Kada ka sa wa ranka damuwa, Kabo. Tsufa ne, kunnen ya tafi. Ba laifinka ba ne."

Mutane suka gyaɗa kai. Kabo ya buɗe baki zai ce wallahi ya ji, ya ji sarai tun kafin yarinyar ta sauka daga babur. Ya dubi Ɗayyabu, ya dubi turken da ba doki.

"Haka ne," ya ce. "Ya tafi."