Ranar da Kaka ya koma ciyayya

Ƙanen kakana ne, amma Kaka nake ce masa. A garinmu Tudun Kaya, ƙasar Karaye, kuwa Soja ake kiransa. Yana saurayi ya tafi cin rani arewa, Turawa suka ɗauke shi soja, suka kai shi cikin hamada inda suke gwajin bam. Ya ce jera su aka yi, aka ce su juya baya su rufe ido da hannu. Da abin ya tashi, don tsananin haske sai da ya ga ƙasusuwan yatsunsa. Washegari aka ba su tsintsiya su share motoci.

Da ya tsufa, gyambo ya fito masa a wuya da bayan hannu, ya ƙi warkewa. Aka ce kuturta ce. Dattawan layinmu, da ke haɗa kwanukansu a ƙofar mai unguwa bayan Magariba, suka daina matsa masa wuri. Shekara biyu yana ci shi kaɗai a zaure.

Ina aji biyu na sakandare ya samo takarda daga asibiti a Kano.

"Taso, amaryata, ki karanta musu," in ji shi.

Na tsaya a gefen tabarmar dattawan, ina kallon takalman mutane. Na fassara a hankali: ba kuturta ba ce, ba a ɗauka, tsohuwar ƙuna ce ta wancan hasken.

"Ɗaga murya, 'yar boko!" in ji wani mai faci. "Soja, wai hasken ne ya biyo ka har Karaye? Ko kuɗin mota bai biya ba?"

Aka yi dariya. Mai unguwa ya ce, "Haba, ku bari. Bismillah, Malam, zauna."

Kaka ya naɗe hannun riga, ya wanke hannu har gwiwa, ya gutsuri tuwo daga gefensa kaɗai. Sai liman ya ce alhamdulillahi, shi ya ƙoshi. Mai faci ya tuna ana jiransa. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe, kowa da sallamarsa mai kyau. Kwano bakwai a gaban Kaka. Ya ci loma uku, ya rufe su duka, ya daidaita murafen.

A gida Inna ta tambaye ni ko na riƙe takardar. Na ce e. Ta miƙo mini toka da ruwa. Ni da na karanta abin da ke ciki da bakina, na wanke hannuna. Sau biyu.