Ranar da aka kira ni in kwance harshen Buba

Cikin duk ranakun da na ɗauki zabira, akwai ɗaya da ta ƙi barin raina. Ku da kuke koyon wanzanci a hannuna, ku ajiye asake ku saurara.

Bayan girbin gero ne, tun Nasara ba su taka ƙasar Tasawa ba. A lokacin, wanzami ba ya shiga gida da aiki sai da iznin Sarkin Aska, shugaban sana'armu, wanda ke raba mana gidaje da ƙauyuka. Ya kira ni ya ce: «Tahi wajen Korgom, gidan Nomau manomi. Ɗanai ya kai shekara huɗu ba shi magana. Ka kwance mishi halshe.»

Ga yadda aikin yake. Akwai wata 'yar jijiya a ƙarƙashin harshe, wadda in ta yi gajarta takan riƙe shi. Sai a rungume yaro, a gitta masa ɗan itace tsakanin haƙora, a ɗaga harshen a tsinke ta, a barbaɗa garin bagaruwa. A faɗe abu ne mai sauƙi. Amma jini yana kusa a wurin, kuma na taɓa ganin yaron da bagaruwa ta kasa tsayar wa. Ban taɓa son aikin nan ba.

Na tarar da yaron, Buba, tsugune a bakin turke yana kallon maraƙi. Ban taɓa shi ba tukuna. Na zauna gefe ina yi wa ubansa aski, ina satar kallonsa. Saniya ta yi kuka can bayan gari, ya waiga tun kafin mu ji. Ashe ba kurma ba ne. Aka ce wani ya miƙo mini ruwa, sai ga shi da ƙwarya, ya ajiye ya ja da baya. Irin yaran nan ne masu auna mutum kafin su sake da shi. Da na lallaɓa ya buɗe baki, na ga harshe sakakke, lafiya lau.

Na ce wa Nomau: «Maigida, ban ga abin yankewa ba.»

Ya ce: «To mi ya hana shi magana? Tsaranai na ta surutu, ni ana ce mini uban bebe. Sarkin Aska ya aiko ka, yi aikinka. In ba ka iyawa, gobe in kira wani.»

Na san wanda zai kira, na kuma san nauyin hannunsa.

Tsohuwar gidan, uwar Nomau, ita ta warware mini tarihin yaron. Uwarsa Dije Bafillatana ce, kuma Buba ne ɗanta na fari. Da aka yaye shi, aka kai shi ruga wajen kakarsa ta wajen uwa, ya yi kusan shekara biyu, sai da ta rasu aka maido shi. Tsohuwa ta ce: «Randa ya zo ya hwaɗi wani abu da Hillanci, mata sunka kwashe da dariya. Tun daga nan baki ya ɗinke.»

Na ce: «Uwar fa? Ba ta yi mishi magana?»

Ta dube ni kamar na yi saɓo. «Ɗan hwari? Dije mai kunya ce. Ko kallonai ba ta yi.»

Kun san al'adar. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a idon jama'a, kuma a wajen Fulani abin ya fi namu tsanani. Duk gidan mutum ɗaya ce ke jin harshen da yaron ya tashi da shi, ita kuwa kunya ta rufe mata baki. Na faɗa wa Nomau haka, ya ce zancen mata ne.

Aka shimfiɗa tabarma. Nomau ya rungume ɗansa, na gitta itacen. Na ɗauko aska ina wasawa, ina ta wasawa, alhali ta riga ta yi kaifi. Wallahi ban san abin da zan yi ba. Yaron bai yi kuka ba. Hawaye kawai ke zuba, idonsa na kan zanar da ta tsare ɓangaren mata.

Sai muka ji muryar Dije daga bayan zanar: «Buba!»

Ta sake kiransa, ta ƙara da 'yan kalmomi na Fillanci. Yaron ya tofar da itacen, ya fizge daga hannun ubansa yana «Inna! Inna!» Ya faɗa jikinta, magana ta ɓalle masa, yana kuka yana zubawa, yana nuna turke, yana nuna ni. Daga baya Dije ta ce labarin maraƙin yake ba ta, wai maraƙin yana ɗingishi ba wanda ya lura. Aka duba, ƙaya ce a ƙafarsa.

Nomau ya sunkuyar da kai. Na mayar da aska cikin zabira. Da na kai wa Sarkin Aska labari, ya ce: «Madalla da ba ka zub da jini ba.»

Kafin damina Buba yana Hausa kamar kowa, ko da yake har ya girma bai zama mai surutu ba. Dije ce ta sha wuyar abin. Mata suka sa mata suna Marar-kunya, a bakin rijiya, a gidan biki, har ƙarshen ranta.

Shi ya sa nake ce muku, in an kawo muku yaron da ba ya magana, kada ku fara da bakinsa. Ku zauna ku kalle shi tukuna. Ku tambaya ina ya tashi, wa ya yi masa dariya, wa ke yi masa magana. Iyaye sukan zo da tsoronsu su ce cutar yaro ce, aska kuwa ba ta tambaya.

Ranar da Dije ta rasu na je gaisuwa. Buba, da furfurarsa, ya kama hannuna ya ce: «Baba wanzam, ka tuna ranar nan? Ita ke nan. Ba ta sake kiran sunana ba, kuma ranar nan ɗaya ta ishe ni.»