Yaya Umaru da majalisar bayan gareji

Ɗazu a tashar Kalgo warin wiwi ya buge ni, sai yayana Umaru ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa.

A Gwandu ko sigari bai taɓa sha ba. Farkon shekarun casa'in aka kai shi Kalgo koyon gyaran babur. Bayan la'asar abokan aikinsa kan zauna bayan gareji, naɗi ɗaya na zagayawa, ana ta dariya. Baƙo ne, bai san kowa ba, sai ya zauna cikinsu.

Daga baya majalisar ta watse, kowa ya kama gabansa. Umaru ya dawo gida a rame, bai daina ba.

Wata rana na iske shi a bakin gona. Na ce, "Yaya, wai mi kaka ji cikin abin ga?"

Ya ce, "Sani, cikinsu daɗi nika ji. Ni kaɗai, tsoro nika ji. Ashe mutane nika nema."

Bai ga daminar gaba ba.

Ku da ƙannenku ke wani gari, kun san da wa suke zama?